Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Sadarwa Ta Ƙasa Kan Buɗe Hanyoyin Faiba Da Haƙƙin Mai Sayen Intanet

Zuwa ga Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC,
Maitama, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan hukuma, dalilin wannan wasiƙa shi ne alkawarin da aka yi mana a watan Janairun 2025, lokacin da hukumarku ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin sun nemi a ninka farashin ne gaba ɗaya, kuka rage musu zuwa rabi, kuma hujjar da aka kawo ba ta wasa ba ce: tun 2013 farashin bai motsa ba, alhali darajar naira ta zube, man dizal da ake kunna injinan turakun sadarwa da shi ya yi tsada, kayan aiki kuwa da dala ake shigo da su. An ce mana ƙarin zai zo tare da ingancin sabis. Mun biya, muna kuma ci gaba da biya. Abin da nake so in gabatar muku shi ne cewa ƙarin kuɗi kaɗai ba zai kawo ingancin ba, matuƙar hanyoyin faiba da ke ɗauko intanet daga Legas zuwa cikin ƙasa suna hannun kamfanoni ƙalilan waɗanda kuma su ne ke gogayya da masu hayar hanyoyin, kuma matuƙar mai sayen intanet bai san takamaiman wanda zai riƙe ba idan sabis ya ɗauke.

Hukumarku ta fi kowa sanin abin da gasa ta yi wa ƙasar nan. Kafin 2001, NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, ce kaɗai ke da wuƙa da nama, layukan da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba, kuma samun layin tarho a gida sai mai hanya. Gwanjon lasisin GSM da kuka gudanar a watan Janairun 2001, inda kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285, shi ya buɗe ƙofa, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Duk da haka, a shekaru biyun farko ana sayen layi da dubban nairori masu yawa, ana cajin naira 50 a kan kowane minti ko da kuwa mutum sallama kawai ya yi ya kashe. An riƙa ce mana cajin daƙiƙa-daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna, har sai da Globacom ta shigo a 2003 da shi, nan take abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu ga kowa. Ba umarnin wani ofis ba ne ya sauko da farashin a wancan lokaci, shigowar abokin hamayya ne.

To, yau ina abokan hamayyar suke? Starcomms da Multi-Links da Zoom, waɗanda mutanen Kano da Kaduna suka yi amfani da wayoyinsu da modem ɗinsu, duk sun zama tarihi, Visafone kuma MTN ta saye ta a 2016. Etisalat da ta shigo da ƙarfinta a 2008 ta faɗa rikicin bashin dala biliyan 1.2 da bankuna, ta koma 9mobile a 2017, masu amfani da ita suka yi ta raguwa har kasonta a kasuwa ya zama ɗan ƙalilan. Ita kanta NITEL, bayan kamfanonin Pentascope da Transcorp da aka damƙa wa ragamarta sun yi nasu sun tafi, an sayar da ragowar kadarorinta ga NATCOM a kan dala miliyan 252, amma ntel, layin da NATCOM ta fito da shi, ba ta zama ƙarfin da zai girgiza kowa ba. Alƙaluman da hukumarku ke fitarwa da kanta sun nuna cewa MTN na riƙe da fiye da rabin layukan da ke aiki, Airtel na da kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma su raba abin da ya rage. Ba laifi ba ne kamfani ya girma saboda ya zuba jari ya kuma yi aiki. Amma kasuwar da kamfanoni biyu ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari nata ba kasuwar da mai saye zai iya yin fushi ya koma wani wuri ba ce, musamman a garuruwan da layi ɗaya ne kawai ke kamawa. Tsarin sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, wanda kuka ƙaddamar a watan Afrilun 2013, abu ne mai kyau, sai dai ba ya amfanar mutumin da babu wani kamfani na biyu a ƙauyensu da zai koma.

Inda gizo yake saƙar shi ne matakin sari, wato inda kamfanoni ke sayen hanyar ɗaukar intanet daga junansu, wurin da talaka ba ya gani. A gaɓar teku babu ƙarancin kaya. Bayan shekarun da SAT-3, wayar ƙarƙashin teku ta NITEL, ta yi ita kaɗai, MainOne da Glo-1 sun iso Legas a 2010, WACS ta biyo baya a 2012, Equiano ta Google ta sauka a 2022, sannan 2Africa ta zo har Akwa Ibom. Wannan yawan kebul na ƙarƙashin teku ya karya farashin sari a Legas ƙwarai da gaske. Amma daga Legas zuwa Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, sai an bi ta wayar faiba da ke binne a gefen manyan tituna, kuma mafi yawan wannan waya mallakar manyan kamfanonin salula ce. Masu ƙananan kamfanonin intanet sun sha faɗa a tarukan da hukumarku kan halarta cewa kuɗin ɗauko intanet daga Legas zuwa cikin ƙasa ya fi kuɗin kawo shi daga Landan zuwa Legas. Halin da ƙaramin kamfani yake ciki a Kano daidai yake da na ɗan garuwan da ke sayen ruwa a burtsatsen wani mutum wanda shi ma yana da nasa kurayen ruwa a unguwar: mai burtsatsen ne ke yanka farashi, shi ne ke tsara layi, kuma ran da ruwa ya yi ƙaranci kurayensa za su fara cika.

Wannan ba sabon labari ba ne gare ku. A 2013 hukumarku ta yi nazarin kasuwa ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a ɓangaren kira, ta kuma ayyana MTN da Globacom tare a matsayin masu rinjaye a ɓangaren sarin hanyoyin ɗaukar sadarwa. Dokar Sadarwa ta 2003 da Ƙa'idojin Gasa na 2007 sun ba ku ikon ɗora wa mai rinjaye sharuɗɗan da ba a ɗora wa ƙarami. Daga nan ne kuma aka fito da tsarin InfraCo, inda aka raba ƙasa shiyya-shiyya, aka ba wa kamfani ɗaya lasisin shimfiɗa faiba a kowace shiyya bisa sharaɗin ya sayar wa kowa a farashi ɗaya, shi kuma kada ya shiga sayar wa jama'a kai tsaye. An fara da MainOne a Legas da IHS a Arewa ta Tsakiya a 2015, sauran shiyyoyi suka biyo baya. A takarda tsarin ya yi kyau. Amma ina roƙon hukuma ta fito ta gaya wa mutanen Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas kilomita nawa aka shimfiɗa ƙarƙashin wannan tsari a jihohinsu, ƙananan hukumomi nawa wayar ta isa, kuma ƙananan kamfanoni nawa ke sayen hanya a kanta yau. Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai intanet mai ƙarfi ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, da gudun megabit 25 a birane da 10 a karkara, da gigabait ɗaya a kan abin da bai wuce naira 390 ba. Wa'adin ya zo ƙarshe an kai ga kusan rabin jama'a ne kawai, kuma kowa ya san a wane ɓangaren ƙasa mafi yawan rabin da aka bari yake.

Ƙasashen da suka riga mu sun fuskanci irin wannan matsala, ko da yake siffarta ta bambanta. A Birtaniya, kamfanin BT ya gaji wayoyin jan ƙarfe da ke shiga kusan kowane gida tun zamanin da yake mallakar gwamnati, sai aka tilasta masa ya bar abokan hamayya su yi hayar waɗannan wayoyi su kuma kafa na'urorinsu a cikin gidajen musayar kiransa. Abin bai tafi daidai ba da farko, domin mai waya yana da hanyoyi dubu na jinkirta wa ɗan haya aiki ba tare da ya karya doka a fili ba. Saboda haka a 2005 Ofcom, hukumar sadarwar Birtaniya, ta sa BT ya ware ɓangaren da ke kula da wayoyin, aka kafa Openreach a 2006, da sharaɗin ya yi wa sashen kasuwancin BT da abokan hamayyarsa hidima iri ɗaya, a farashi ɗaya, a kan tsarin layi ɗaya. Farashin intanet ya sauko, kamfanoni irin su Sky da TalkTalk suka girma a kan wayar da ba tasu ba. A Faransa, irin wannan buɗewa ce ta ba kamfanin Free damar shigowa a 2002 da farashin da ya girgiza kasuwa. New Zealand kuwa ta wuce nan, ta raba babban kamfanin tarhonta gida biyu a 2011, ɓangaren da ake kira Chorus ya riƙe wayoyi, ɗaya ɓangaren ya riƙe ciniki.

Sai dai akwai ɗaya gefen labarin Birtaniya, kuma shi ya fi damuna. Bayan an raba mai waya da mai sayarwa, sai mai saye ya tsinci kansa a tsakiya. Idan layinsa ya lalace ya kira kamfanin da yake biya, sai a ce masa matsalar ta Openreach ce, shi kuma ba shi da ikon kiran Openreach domin ba abokin cinikinsa ba ne. Koke-koke kan jinkirin gyara da ma'aikatan da ke saɓa alkawarin zuwa suka yi yawa, har Ofcom ta sake matsawa aka amince a 2017 cewa Openreach ya zama kamfani mai hukumar gudanarwarsa daban, sannan a watan Afrilun 2019 aka fara tsarin diyya kai tsaye, inda kuɗi ke shiga asusun mai saye a kan kowace ranar da gyara ya yi jinkiri, ba tare da ya rubuta takardar koke ba. Shekaru goma sha uku ke nan tsakanin buɗe waya da kare mai saye. Babu dalilin da zai sa mu maimaita wannan jinkiri tunda mun ga yadda ya kasance.

Mu a nan ba mu da wayar jan ƙarfen da za a buɗe, domin NITEL ba ta shimfiɗa mai yawa ba, wadda ta shimfiɗa ma ta ruɓe ko an tone ta. Amma mun riga mun shiga irin wancan hali ta wata ƙofar. Tun 2014 manyan kamfanonin salula suka sayar da dubban turakunsu ga IHS da American Tower suka koma 'yan haya. Yau idan sabis ya ɗauke a wata unguwa, mai layi na iya cewa janaretan mai turke ne ya tsaya, mai turke ya ce ɗan kwangilar dizal ne bai kawo mai ba, ko kuma a ce masu aikin titi ne suka datse faiba. Kowane daga cikinsu na iya zama gaskiya. Amma mai POS da ke zaune a bakin kasuwa da kuɗin mutane sun maƙale tsakanin banki da banki, ko mai cibiyar jarrabawar JAMB da ɗalibai suka cika masa zaure, ko matar da ke tallan atamfa ta WhatsApp, babu ruwansu da wannan sarƙa. Mutum ɗaya suka biya. Abin da suka saba ji idan suka kira, bayan dogon jira da kiɗa a kunne, shi ne su kashe wayar su kunna, ko su jira awa 24, ko a ba su lambar koke wadda za a rufe ba tare da an gyara komai ba. A halin nan kuma kwanakin datar da suka saya suna ci gaba da ƙirguwa, ranar ƙarewa ba ta jiran kowa.

Na san kamfanonin suna da nasu kukan, kuma adalci ne a ambace shi. Ana sace musu dizal da batura, ana datse musu waya a wuraren aikin hanya, hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi kan rufe musu turaku saboda haraji iri-iri, kuma akwai dazuzzukan da injiniya ba zai shiga ba sai da rakiyar sojoji. Rufe sadarwar da aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021, wadda ta shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, ta bar turaku da dama a lalace. Umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2024 na sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa ya dace. Batun kuɗin izinin binne waya kuwa yana wuyan gwamnoni ne: an amince da naira 145 a kan kowace mita tun 2013, aka sake jaddadawa a 2020, Ekiti ta sauko daga naira 4,500, Kaduna ta yafe gaba ɗaya, amma har yanzu akwai jihohin da ke kallon wayar faiba a matsayin saniyar tatsa. Duk wannan gaskiya ne. Amma shi ne ma ya ƙara nuna buƙatar buɗe hanyoyin, domin idan tonon rami ɗaya yana da wannan tsada da wahala, rashin hankali ne a ce kamfanoni huɗu kowa ya tona nasa a gefen titi ɗaya daga Abuja zuwa Kano, ƙauyukan da ke nesa da titin kuma babu wanda ya leƙa su.

Abin da nake roƙo na farko shi ne a sabunta nazarin rinjayen kasuwa, a kuma buga sakamakonsa shiyya-shiyya, domin kasuwar Legas, inda kamfanonin faiba ke rige-rigen shiga unguwanni, ba ɗaya take da ta Gusau ko Damaturu ba. Duk kamfanin da aka samu da rinjaye a wata hanya, a wajabta masa ya buga farashin sarinsa a fili, ya sayar wa ɗan haya a kan abin da yake sayar wa sashen cinikinsa, ya kuma buɗe bututun da wayarsa ke bi domin wani ya zura tasa. Tsarin raba littattafan lissafi da kuka fitar a 2020 an yi shi ne domin a gane ko kamfani yana tsawwala wa 'yan haya yana sauƙaƙa wa kansa. To, a nuna mana abin da littattafan suka nuna. Haka nan lasisin da kuka ba wa kamfanoni fiye da 40 tun daga 2023 domin su yi hayar hanyar manyan kamfanoni su sayar da layi da sunansu ba zai haifar da komai ba idan aka bar su su yi ciniki da mai hanya ba tare da ma'aunin farashi da wa'adin kammala yarjejeniya ba. Yarjejeniyoyin da aka ƙulla a 2025, ta raba kayan aiki tsakanin MTN da Airtel da ta ba wa 9mobile damar hawa hanyar MTN, suna iya rage asara, amma ya kamata hukuma ta sa ido kada haɗin kan manya ya zama katangar da ƙarami ba zai iya tsallakewa ba. Zuwan Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, a 2023 ya nuna yadda mutane ke da ƙishirwar madadi, tunda cikin ɗan lokaci ya shiga sahun gaba a tsakanin kamfanonin intanet, amma farashin na'urarsa da kuɗin watansa sun fi ƙarfin mai shagon cajin waya a Bichi, saboda haka ba shi ne zai ladabtar da kasuwa ba.

Shirin Ma'aikatar Sadarwa na shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba shi ne babbar damar da ta rage, kuma a nan ne nake tsoron a maimaita abin da ya faru da InfraCo. Tun kafin a tona ramin farko ya kamata hukumarku ta rubuta sharuɗɗan a fili: kamfanin da zai riƙe wayar kada ya sayar wa jama'a kai tsaye, masu hannun jari a cikinsa kada su samu rangwame ko fifikon layi, kuma a buga jadawalin da ke nuna wace ƙaramar hukuma za a kai wa a wace shekara, domin kada a fara da wuraren da riba take a bar na nesa sai kuɗi sun ƙare.

Game da mai saye kuwa, ƙa'idar ta zama guda ɗaya tak: wanda ya karɓi kuɗina shi ne zai amsa mini, shi kuma ya je ya bi mai turke ko mai faiba ya karɓi haƙƙinsa bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Umarnin da kuka bayar a 2025, cewa kamfanoni su sanar da jama'a idan an samu babbar katsewa su kuma biya diyya idan ta wuce awa 24, mataki ne da ya cancanci yabo. Amma awa 24 ta yi yawa ga wanda cinikinsa na yini ne, kuma katsewar da ta fi cutar da mu ba mai ɗaukar kwana guda cur ba ce, ita ce ta awa uku yau, awa biyar gobe, wadda ba ta taɓa kai ma'aunin ba. A riƙa tara awannin wata, a mayar wa mutum da kwanakinsa da datarsa kai tsaye, da saƙon da ke gaya masa dalili. Tarar naira biliyan 1.17 da kuka ci kamfanoni huɗu a 2012 saboda rashin ingancin sabis ta tafi asusun gwamnati, wanda kiransa ya yi ta yankewa bai ga ko kwabo ba. Na'urorin kamfanoni sun san wane layi ne yake ƙarƙashin wane turke a lokacin da turken ya mutu, saboda haka lissafin ba zai gagare su ba.

Lambar 622 da kuka tanada domin wanda kamfaninsa ya ƙi saurarensa, mutane da yawa a nan ba su taɓa jin labarinta ba, kamar yadda da yawa ba su san 2442 da ke tsayar da saƙonnin talla ba. A sanar da su a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a kuma tabbatar da cewa wanda ya kira zai samu mai jin harshensa. Sannan ina roƙon ofishinku na shiyya da ke Kano ya riƙa buga rahoton ingancin sabis na kowane kamfani ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma duk wata uku, tare da adadin koke-koken da aka shigar da waɗanda aka warware da tsawon lokacin da warwarewar ta ɗauka, ya kuma kira zaman sauraron jama'a inda ƙananan kamfanonin intanet, da ƙungiyoyin masu POS, da masu cibiyoyin jarrabawa za su zauna gaba da gaba da wakilan masu faiba da masu turaku, kafin a amince da wani ƙarin farashi na gaba.

Wassalam.

Naku,
Wani mai amfani da layukan sadarwa,
Kano.